Ranar da Muka Je Jajen Akuya

Abin da ya fara ɗaukar idona hannunta ne. Ina zaune a rumfar mai hayar littattafai a kasuwar Tambuwal, ina karanta wani littafi, na kai daidai inda saurayi ya tsaya a zaure yana jiran amsa, sai na ɗaga kai na hango wata dattijuwa ta tsuguna gaban wata jar akuya a layin dabbobi. Hannun siriri ne, baƙi, lallen da ke kansa ya soma gogewa, ga zoben azurfa guda ɗaya. Ta buɗe bakin akuyar a hankali kamar mai buɗe akwatin lefe, ta duba haƙora, ta shafa hanci, ta ɗaga wutsiya, ta latsa hantsa. Dillali yana ta zuba, ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta gama sai ta kai bakinta kunnen dabbar ta yi mata raɗa.

Na rufe littafi na matsa kusa.

Ta ce, "Ɗiyata, mi kika kallo?"

Na ce, "Gwaggo, me kika faɗa mata?"

"Na ce mata gidan marayu za ta, ta kama kanta."

Gwaggo Hajo ke nan, wadda ta kafa ƙungiyarmu. A ranar ta miƙa mini igiya ta ce in riƙe mata, tunda ta ga ba ni da aikin yi sai karatun soyayyar mutanen Kano. Tun ina budurwa nake cikin aikin nan, ga shi yau har da jikoki.

Ku da kuke zuwa ofishinmu yanzu da wayoyi a hannu, kuna cewa ku ma za ku kafa ƙungiya, na san abin da kuke hangowa: riga mai tambari, ƙyalle mai rubutu, a jera a ɗauki hoto. Ban ga laifinku ba, ni ma da na shigo na zaci kullum za a riƙa share wa mutane hawaye ne ana sa mana albarka. To ku gyara zama ku ji yadda aikin yake.

Abin da muke yi ba shi da wuyar faɗi. Muna ba uwar marayu akuya riƙo. Idan ta haihu sau biyu, 'ya'yan sun zama nata, uwar kuma a wuce da ita gidan wata. Gwaggo ba ta ƙirƙiro shi ba, a wurin kakanninta Fulani ta gan shi, su da saniya suke yi, suna kiransa habbanaye. Ta ce abin da mutane suka riga suka sani ba ya buƙatar dogon jawabi. Wannan shi ne darasin farko da na koya: kafin ka kawo wa gari sabon abu, tambayi abin da iyayensu suke yi, ka ɗora a kai.

Aikin farko da aka tura ni ni kaɗai a Jabo ne, in gano gidajen da suka fi cancanta. Na shirya tsaf, na yafa mayafi mai kyau, na tara mata a tsakar gidan maigari na ce duk mai buƙata ta ɗaga hannu. Masu bakin magana suka ɗaga, har da wadda nake jin kukan tumakinta ta bayan danga. Na koma na faɗa wa Gwaggo sunayensu. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Ke Rakiya, mai yunwar gaske ba ta ɗaga hannu cikin taro. Koma ki gai da maigari, ki gai da liman, sa'annan ki tafi wurin ungozoma da mai injin niƙa. Mai niƙa ya san gidan da ya kwana biyu bai aiko da hatsi ba."

Na koma na yi yadda ta ce. Sunayen da na samo a karo na biyu, babu ko ɗaya cikin na farko.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tabarma, domin wanda ya zauna a kujera mutane suna ƙasa ba zai ji gaskiya ba. Akwai igiya, da goro na gaisuwa, da buta. Sai kula, wadda muke zuba ƙanƙara a ciki mu sa maganin rigakafi. Duk cikin kayan ita ce sarauniya. Daga Tambuwal zuwa ƙauyukan Kebbe a bayan ɗan kabu-kabu, rungume ta nake yi kamar jinjiri, na lulluɓe ta da buhu mai lema. In ƙanƙara ta narke a hanya, allurar ta zama ruwan banza, ka sha rana a wofi kuma ka yaudari mai akuya. Saboda haka a ranar allura ba a tsayawa cin tuwon suna, ko na ɗan ƙanwarka ne.

Sayen akuya ma ba mutum ɗaya ke zuwa ba, ko da waliyyi ne. Mutum biyu ke zuwa, su dawo su nuna wa na uku. Ba zargi ba ne, kare mutuncin mai amana ne daga bakin mutane. Ma'ajinmu, Malam Sahabi, tsohon malamin firamare ne, dogo, fuskarsa kullum a ɗaure kamar hadarin gabas, amma zuciyarsa fara ce sol. Shi ya kafa mana dokar cewa dangin 'yan kwamiti su ne na ƙarshe a layi. Ƙanwar matarsa ta yi shekara ba ta gaishe shi a kan wannan, bai ko gezau ba. Sabuwar akuya kuwa ba ta shiga gidan kowa sai ta zauna a killace a bayan ofis mun ga cinta da kashinta.

Taro shi ma sana'a ne. Ba a sa shi ran kasuwa, ba a sa shi da safiyar damina. Wanda ya fi kowa shiru shi za ka fara tambaya, don in masu murya suka fara ba zai ƙara buɗe baki ba. 'Yan sa-kai kuma ba mala'iku ba ne, suna jin yunwa, suna da gonaki. In ka aike su ka ba su na mai da na fura, ka gode musu a gaban mutane, in za ka yi gyara ka ja su gefe. Masu ba da taimako su ma kala-kala ne. Akwai wanda zai ba da a ɓoye ya roƙe ka kada ka ambace shi, akwai wanda zai so a rubuta sunansa har a jikin akuya. Dukkansu ka karɓe su da fara'a, amma kada ka yi musu alkawarin abin da ba ka da iko a kansa, domin akuya rai ce.

Ranar miƙa akuya ita ce ranar da na fi so. Ana yin ta a ƙofar gidan liman da la'asar, rana ta yi sanyi ta zuba wa gari launin zinariya. Liman zai yi addu'a, Gwaggo ta ɗauki igiya ta sa a tafin matar, ta rufe da nata hannun, ta ce, "Amana ce. Akwai wata uwar marayu tana jiran ta a bayanki." Sai ka ga mace ta sunkuyar da kai ta amsa da ƙyar. Mun ɗauka babu abin da ya fi wannan kyau a tsarinmu. Matan suna kula da akuyar ƙungiya fiye da tasu. Ba mu san nauyin kalmar nan zai iya danne mutum ba sai da muguwar shekara ta zo.

A wani ƙauye na gefen Kebbe akwai Dije. Bafulatana ce, doguwa, fara, wuyanta kamar na barewa, idanunta manya masu kwantar da hankali. Ta auri Bahaushe manomi, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gida da 'yar gona. Danginta makiyaya ne, suna yada zango kusa da garin da damina, kaka ta yi su gangara kudu. Ita ta karɓi wata akuya kyalla mai farin goshi, ta riƙe ta kamar 'yar fari. Duk zuwan da na yi sai na tarar da turke a share, dusa da kanwa a kasko, akuya tana sheƙi.

A ƙarshen daminar wannan shekara ciwo ya shigo ƙasar, irin mai sa awaki majina da zawo, bakinsu ya yi gyambo su kasa cin abinci. Muka ji labarinsa a kasuwa, na fita zagaye. Duk gidan da na shiga na ce, "Ya akuya?" sai a ce, "Lafiya lau, ta tafi kiwo." Gida bayan gida, ƙauye bayan ƙauye, amsa ɗaya. Na dawo na gaya wa kwamiti Allah ya tsare namu. Ashe a ƙuryar ɗaki suke ɓoye su, suna ba su jar kanwa da jiƙon sabara, kowace tana tsoron a ce amana ta lalace a hannunta. Maƙwabciya ba ta gaya wa maƙwabciya. Ciwon kuwa yana ta bin gidaje.

Ungozomar garin su Dije ce ta aiko a kira ni. Da na je ta ja ni bayan rumbu ta ce akuyar Dije ta mutu, ta haƙa rami a bayan gida ta binne ta ita kaɗai. Tun ranar ba ta ƙara zuwa rijiya ba sai in babu kowa. Yanzu kuma ta aika wa yayanta Buba cewa in za su tashi su biyo ta, za ta bi su kudu da yaranta, ba za ta iya haɗa ido da mutanen ƙungiya ba.

Na ce, "Gidan fa? Gonar fa?"

Ungozoma ta ce, "In ta tafi ai ƙannen mijin za su raba. Yaran kuma makaranta ta ƙare. Kuma ba ita ɗai ba ce, Malama. Rabin awakinku na garin nan suna kwance."

Muka yi taron gaggawa a ɗakin Gwaggo, domin a lokacin ƙafafunta sun fara ƙin ta. Malam Sahabi ya hau sama. Ya ce a kira matan gaban maigari a yi bincike, kowace ta faɗi ranar da ciwo ya fara da dalilin da ya sa ta yi shiru, in ba haka ba gobe kowa zai yi wasa da kayan ƙungiya. Kuma me za mu gaya wa waɗanda suka ba mu taimako?

Gwaggo ta bar shi ya sauke duka. Sannan ta ce, "Malam, in gobara ta ci ɗakin mutum, mi aka zuwa yi gidansa? Bincike ko jaje?"

"Jaje. Amma wannan akuya ce, Hajiya."

"Ita ad dukiyar da taka da. Mu munka ɗora mata dutse bisa kai, munka ce amana, ba mu taɓa gaya mata abin da za ta yi ba in amana ta kwanta ciwo. A nemo mani mota."

Malam Sahabi ya ce shi bai taɓa jin inda aka je jajen akuya ba, mutane za su ce mun zare. Amma washegari shi ya riga kowa zuwa tasha, da ƙullin goro a aljihu.

Mun isa da hantsi. A ƙofar gidan Dije ga takarkari a tsaye, an ɗaura masa tabarmi da ƙore da tukunya. Buba yana jan igiyar kaya, sandarsa a saɓe. Yaran suna tsugune a gindin danga. Aka sauko da Gwaggo, na shimfiɗa mata tabarma a nan waje inda duk mai wucewa zai gani, muka ajiye kwanon gero da goro kamar yadda ake yi wa wanda aka yi wa rashi. Malam Sahabi ya yi sallama da muryar da yake kiran ɗalibai da ita.

Buba ya dube mu ya ce, "In biya kuka zo nema, ni zan ba ku akuya cikin nawa. Ku bar ta ta tafi da mutuncinta."

Gwaggo ta ce, "Riƙe akuyarka, ɗan nan. Jaje munka zo."

Dije ta daɗe kafin ta fito. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa can nesa.

Gwaggo ta ce, "Dije, ashe haka Allah ya yi? Sannu. Allah ya mayar miki da alheri. Matso ki ba ni labari, ya ta fara?"

"Gwaggo, da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda kinka yi jinya da shi. Matso."

Ta matso. Ta zauna a gefen tabarmar. Ta ce ranar farko akuyar ta ƙi dusa ta tsaya ta sunkuyar da kai. Sai ido ya fara ruwa, hanci ya toshe har sai ta riƙa goge mata da tsumma mai ɗumi. Da bakin ya yi gyambo ta dama kunu mai ruwa tana ɗura mata da ludayi. Da zawo ya zo ta lulluɓe ta da zanenta na zuwa biki. Tana faɗi, mata suna taruwa, wasu da tulu a ka, wasu da goyo. 

Malam Sahabi ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Wallahi ko ni da na kwanta bara ban sami irin wannan jinya ba."

Aka fashe da dariya, har Buba. A cikin dariyar ne wata tsohuwa ta ce daga baya, "To ni ma tawa tana ɗaka, kwana da kwanaki ba ta ci ba." Wata ta ce, "Har da tawa." Kafin azahar mun san kowane gida da ciwon ya shiga.

Gwaggo ta juya ga Dije ta ce, "Gobe malamin dabbobi zai zo. Shi baƙo ne, ba a buɗe mashi ƙuryar ɗaki. Ke kin ga ciwon nan tun farkonsa har ƙarshensa, kuma ke ba mai jin kunyarki, don taki akuyar ta riga tasu. Ke za ki shiga gaba yana bin ki. In kin tafi kudu, wa zan sa?"

Buba ya ce, "Shanu ba su jira, Dije. In za ki, yanzu ne."

Dije ta dubi takarkarin, ta dubi yaranta, ta dubi matan da suka kewaye ta. Ta tashi ta je ta kwance tukunyarta da kanta ta shiga da ita gida. Babban ɗanta ya bi ta da tabarmi.

Mun yi asara a shekarar, ba zan ɓoye muku ba. Awakin da ciwo ya ci ƙarfinsu sun tafi. Amma an raba masu lafiya da marasa lafiya, an yi wa na ƙauyukan da bai kai ba rigakafi, an ceto da dama. Ni da Malam Sahabi muka bi masu taimakonmu ɗaya bayan ɗaya muka gaya musu abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ɗaya ya janye. Sauran suka tsaya, wani ma ya ce yau ya tabbata akwai awakin da gaske. Ni kuwa ganin Dije a gaba malamin dabbobi yana biye da ita lungu-lungu, har na gama ɗaura musu aure a zuciyata, na zaɓi kalar ankon. Ashe shi bawan Allah babu abin da ke ransa sai kada ƙanƙararsa ta narke.

Daga wannan shekara muka canja maganar ranar miƙawa. Har yanzu ana cewa amana ce, amma ana ƙarawa da cewa, "In ta ƙi cin abinci da safe, kafin la'asar mu ji. Wadda ta kawo labarin ciwo ta riƙe amana. In ta mutu, mu za mu zo miki jaje, kuma ba ki fita daga layi ba." Mun daina tambayar "ya akuya", domin Bahaushe ko yana kan gargara lafiya lau zai ce maka. Cewa muke yi a kai mu mu gaishe ta. To in za ku kafa ƙungiyarku, ko ta rijiya ce ko ta makaranta, ku tanadi ƙofar da mugun labari zai shigo ta cikinta ba tare da mai kawo shi ya ji kunya ba. Labari mai daɗi shi ba ya buƙatar ƙofa, ta saman danga ma yana tsallakowa.

Dije ta sake karɓar akuya da bazara. Yau ita ke riƙe da duk ɓangaren Kebbe, ta koyi yin allura da hannunta, kuma in tana magana a taro Malam Sahabi ma shiru yake yi. Gonar tana hannun 'ya'yanta, babbar 'yarta tana karatun aikin jinya. Shekarun baya ɓarayin shanu suka faɗa wa zangon su Buba a kudu, suka kore garken kaf. Ya dawo da matarsa da yara, daga su sai kayan jikinsu. Gidan Dije suka sauka, nonon awakinta suka sha har damina ta fita. Na je yi musu barka da arziki na tarar da shi zaune a inuwa yana gyara mata turke, ita kuma tana tankaɗe.

Ta ce, "Malama, tambaye shi. Da na bi shi ran nan, yau gidan wa za mu sauka?"

Buba bai ɗago ba. Ya ci gaba da dukan turken, ya ce, "Ke dai miƙo mani furar nan."